Tsohon Fasali a Kan Sabon Katako: Tsakanin Kwaikwayo da Algus

Daga cikin ƙananan adon da kafintoci ke yi wa ƙofofi da allunan katakon da ake lulluɓe bangon ɗaki da su, akwai wani siririn tudu mai siffar rabin da'ira da ake fitarwa a gefen falanki tun daga kansa har gindinsa, sannan a bi gefen tudun da ɗan tsagi mai zurfi domin inuwa ta kwanta a ciki ta ƙara fito da shi. Wannan tudu, wanda za a riƙa kiransa jijiyar ado a cikin wannan bayani, faɗinsa bai cika kai na ɗan yatsa ba, kuma abin da ake nufi da fasalinsa shi ne siffar da ido zai gani idan aka datse falankin a gicciye aka dubi bakin datsin, wato girman lanƙwasar tudun, da zurfin tsagin, da faɗin ɗan filin da ke rabe da shi. Ba don ƙawa kaɗai aka ƙirƙiro shi ba. Katako, ko bayan an sare shi an busar, ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa alhali tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa ƙofar da ke cijewa da damina take sakin jiki da hunturu. Idan aka jera falankai gefe da gefe, dole wata rana rata ta bayyana a mahaɗarsu, sai magabatan kafintoci suka ga gara su sa mahaɗar ta faɗa daidai cikin tsagin da ke gefen jijiyar, ta yadda buɗewarta da rufewarta za su ɓace a cikin inuwa, da su tsaya suna jayayya da halin itace.

Tambayar da ta shafi falsafa da addini tana tasowa ne a ranar da wani sashe na tsohon allo ya ruɓe, ko gara ta cinye shi, ko gobara ta lashe shi, aka kira kafinta aka ce ya yi sabo wanda ido ba zai bambanta shi da na da ba. Gwanintarsa a irin wannan aiki ana auna ta ne da iya ɓoye hannunsa, domin gyaran da ake yabawa shi ne wanda ba a gane an yi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya dakata, tun da yake a sauran mu'amaloli ɓoye abin da aka yi wa kaya shi ne mafarin ha'inci. Abin da ake son ganewa shi ne ko kafintan ya mayar da abin da ya ɓata ne, ko kuwa ya kafa shaidar zur da katako, wadda za ta riƙa gaya wa masu zuwa cewa ta ga zamanin da ba ta gani ba.

Amsar tana buƙatar a fara sanin yadda aka yi jijiyar tun farko. A Ingila da Amurka, a ƙarni na 18 da farkon na 19, kafinta ba ya sassaƙa ta da hannu sara bayan sara. Yana da jerin ƙananan abubuwan fere katako, waɗanda ake kira filen, masu jikin itace, kowanne an wasa bakin ƙarfensa a kan fasali ɗaya tak da girma ɗaya tak, ta yadda ƙarfen shi ne kishiyar jijiyar, inda take da tudu shi yana da kwarmi. Yakan tura filen ɗin a gefen falanki sau da yawa har ya daina ci, kuma idan ya daina ci to jijiyar ta kammala, ko shi ne ya tura ko yaronsa. Inda gefen ya lanƙwasa ko jijiyoyin itacen suka murɗe, sai ya koma ga makankari, wato guntun tsohon zarto da aka gagare bakinsa da magagari aka ɗaure shi a jikin ɗan itace, ana kankarar katakon da shi a hankali har siffar ta fito. Su kansu fasalolin ba sirrin kowa ba ne, domin ana buga su a littattafai don a kwaikwaya: Asher Benjamin, maginin Amurka, ya fitar da littafin jagorar magina a shekarar 1797, ya bi shi da wani a 1806, kuma daga irin waɗannan littattafai ne kafintocin karkara suka riƙa ɗaukar awon adon da suke yi wa gidaje da majami'u. Ke nan jijiyar da a yau ake kira ta asali ita ma kwafi ce, ta fito daga bakin ƙarfe, ƙarfen kuma ya fito daga zane, zanen kuma yana komawa ga adon gine-ginen dutse na Girka da Rum.

Wanda zai maimaita ta a yau yakan gamu da wata matsala tun kafin ya taɓa sabon katako, kuma matsalar ta fi kama da ta masu falsafa fiye da ta masu sana'a. Tsohon allo yakan ɗauki fenti a kan fenti na tsawon shekaru masu yawa, har tsagin ya cike, lanƙwasar ta yi kauri, kaifin gefuna ya dushe. Inda hannaye da kafaɗu ke gogawa kuma tudun ya zaizaye. Idan ya danna ma'aunin fasali, wato jerin siraran sanduna masu zamewa da ke ɗaukar siffar duk abin da aka danna su a kai, abin da zai samu shi ne fasalin fenti da tsufa. Saboda haka ƙwararru sukan nemi lungun da bai sha wuya ba, su kankare fentin har su isa itace, ko su yi siririn yanka da zarto su cusa takarda mai kauri su bi bakin katakon da fensir. Duk da haka ba a rabu da Bukar ba, domin ƙarfen kafintan farko yana canjawa kaɗan duk lokacin da aka wasa shi, har jijiyar wannan bango takan ɗan saɓa wa ta wancan a ɗaki ɗaya. Fasali uku ne ke gaban mai gyara: wanda aka nufa a zane, da wanda ƙarfe ya yanka a ranar aiki, da wanda zamani ya bari. Zaɓen ɗaya daga cikinsu hukunci ne a kan abin da ake ɗauka shi ne haƙiƙar abin, ko da kafintan bai kira shi da wannan suna ba.

Aflatun, masanin falsafa na Girka, a kashi na 10 na littafinsa kan jamhuriya, da aikin kafinta ya buga misalin da ya fi shahara a wannan babi, inda ya ce gado iri uku ne: siffar gado ta haƙiƙa wadda ba hannun mutum ne ya yi ta ba, da gadon da kafinta ya yi yana duban wannan siffa, da hoton gado da mai zane ya yi yana duban aikin kafinta. Mai zane ne ya sha suka a wurinsa, domin yana kwaikwayon bayyanar abu daga gefe ɗaya ba tare da sanin yadda aka yi shi ba. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan mai gyaran allo, sai ya raba masu gyara gida biyu. Wanda ya kwafi zaizayar da kaurin fentin yadda ya gan su, ya sauka matsayin mai zane, tun da bayyanar yake bi. Wanda kuwa ya bi ta cikin fentin ya gano da'irar da aka nufa, ya gagare ƙarfensa a kanta, to ya tsaya ne kafaɗa da kafaɗa da kafintan farko, su biyun suna duban abu ɗaya, sai dai shekaru ne suka raba su. Tsohuwar muhawarar jirgin ruwan Tisiyas, wanda marubucin Girka Fulutak ya ruwaito cewa mutanen Atina sun riƙa cire ruɓaɓɓun katakansa suna sa sababbi har masana suka rabu a kan ko shi ne jirgin ko wani ne, ba ta ƙara wani abu mai yawa a nan ba, domin tana tambaya ne a kan sunan jirgin, alhali damuwar kafinta ita ce halaccin abin da hannunsa ke yi.

Wanda ya mayar da batun na ɗa'a ƙarara shi ne marubucin Ingila John Ruskin, wanda a littafinsa na 1849 kan fitilu bakwai na gini ya yanke hukuncin cewa abin da ake kira mayar da tsohon gini yadda yake shi ne mafi munin rushewa, domin rushewa ce da ke tafe da labarin ƙarya a kan abin da aka rushe. Hujjarsa ita ce ran ma'aikacin da ya mutu ba ya dawowa ya ja hannun wani, kuma ainihin gwanintar aikin tana cikin ɗan saman da ya zaizaye ne, saboda haka mai kwaikwaya ba shi da abin dogaro sai zato. A Faransa kuwa Viollet-le-Duc, wanda ya jagoranci gyaran majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris, yana ganin halal ne a kai gini ga wata cikakkiyar siffa ko da bai taɓa kasancewa a cikinta ba a wani zamani. William Morris ya bi sawun Ruskin ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, sannan Yarjejeniyar Fenis ta 1964 ta yi ƙoƙarin shiga tsakani, inda ta tanadi cewa gyara ya tsaya a inda zato ya fara, kuma abin da aka maye gurbi da shi ya dace da sauran ginin amma a iya bambanta shi da na asali. Wani abin lura shi ne, hasumiyar katako da dalma da Viollet-le-Duc ya ɗora wa Notre-Dame, wadda a ma'aunin Ruskin ƙari ce a kan tsohon gini, ita ce ta ƙone a gobarar 15 ga Afrilu 2019, kuma ita ɗin ce aka sake ginawa bisa zanensa kafin a buɗe majami'ar a Disamba 2024, bayan shekaru sun mayar da ƙarin jiya asalin yau.

Ruskin yana da gaskiya a kan wani nau'in aiki, amma ya faɗaɗa hukuncinsa fiye da inda hujjarsa ta kai. Masanin falsafa na Amurka Nelson Goodman, a littafinsa na 1968 kan harsunan fasaha, ya raba ayyukan fasaha kashi biyu: akwai wanda tarihin hannun da ya yi shi yana cikin haƙiƙarsa, kamar zanen fenti, wanda kwafinsa komai kyansa jabu ne idan aka ce shi ne, akwai kuma wanda ke da ƙa'idar da ke tantance daidai da kuskure, kamar rubutaccen littafi, wanda duk kwafin da ya bi haruffansa daidai shi ne littafin. Musulmi ba baƙo ba ne ga kashi na biyu, domin Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da tawadarsa a Kano ko Barno ba wanda ke kiransa jabun mus'hafan da Halifa Usman ya aika wa birane. Sharaɗinsa shi ne ingancin harafi da bin ruwaya, kuma tsufan takarda ba ya ƙara masa ko rage masa wannan. Ganyen da aka sassaƙa a kan ginshiƙi, wanda kowane sara a jikinsa shawara ce da masassaƙi ya yanke a take, yana kusa da kashi na farko, kuma a kansa maganar Ruskin tana da nauyi. Jijiyar ado kuwa tana kusa da na biyu, domin bakin ƙarfe shi ne ƙa'idarta, an yi ta ne tun farko don a maimaita ta a kan falanki bayan falanki, kuma wanda ya maimaita ta bayan shekaru 200 bai yi wani abu dabam da wanda yaron shago ya yi a rana ta biyu ta aikin ba.

Sai dai allon da ke jikin bango ba fasali ne zalla ba, kuma a nan ne fiƙihu ya fi falsafar Turai kaifin rarrabewa. Malamai sun raba dukiya, a babin ramuwar abin da aka ɓata ko aka ƙwace, zuwa misli da muƙawwami. Misli shi ne abin da ake aunawa da mudu ko sikeli ko ƙidaya kuma ɗaiɗaikunsa ba su da wani bambanci, kamar hatsi, wanda ya ɓata shi sai ya biya da irinsa; muƙawwami kuwa shi ne wanda ba shi da tamka ta kowace fuska, kamar dabba ko tufa, sai a biya kimarsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, sana'a tana fitar da abu daga kashi na farko ta shigar da shi na biyu, shi ya sa zaren da aka kaɗa da kayan adon da aka ƙera ake biyan kimarsu, ko da audugar da ƙarfen asalinsu misli ne. Wasu malamai kuwa sun karkata ga cewa a rama da makamanci duk inda ya samu, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari na akushin da ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta fasa, ya mayar wa mai shi da lafiyayyen akushi a madadinsa. Wannan saɓani, idan aka dube shi da kyau, shi ne saɓanin Ruskin da abokan hamayyarsa a cikin wata riga, kuma yana nuna cewa tsohon allo ya tara hukunci biyu a jiki ɗaya. Ta fuskar fasalinsa misli ne, ana iya kawo irinsa ba tare da an rage komai ba. Ta fuskar shekarunsa da abin da ya halarta muƙawwami ne, har ma ya wuce haka, domin babu kasuwar da ake sayen shekaru a cikinta.

Daga wannan rarrabewa iyakar algus take bayyana. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan tulin abincin da Annabi (SAW) ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, bai hana sayar da jiƙaƙƙen abinci ba. Abin da ya hana shi ne a bar mai saye cikin duhu a kan abin da yake ba da kuɗinsa dominsa. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa ruɗi yana iya kasancewa da aiki ko da baki bai furta komai ba, kamar barin nono ya taru a hantsar dabba don a zaci mai yawan nono ce, ko, a misalin Halil, shafa wa rigar bawa tawada don a zaci marubuci ne, kuma suka ɗauki irin wannan aiki tamkar sharaɗin da aka faɗa da baki aka saɓa. Kafintan da ya yanka sabuwar jijiya daidai da tsohuwa, ya shafa mata launin da zai sa ta zauna lafiya da maƙwabtanta, bai yi da'awar komai ba face cewa wannan shi ne fasalin ɗakin, kuma da'awarsa gaskiya ce. Wanda kuwa ya huda ƙananan ramuka don a zaci ƙwari ne suka ci, ya bugi katakon da sarƙa don ya yi tabon tsufa, ya cusa ƙura a tsagin, sannan aka sayar da allon ko gidan a kan cewa duka na da ne, to ya shafa tawada a riga. Abin da ke raba su shi ne wanda ake nufi da ɓoyewar: na farko yana ɓoye ɗinkin ne daga idon mai wucewa don kada ya ɓata masa kallo, na biyu yana ɓoye shi daga sanin mai haƙƙi.

Saboda haka sharaɗin Yarjejeniyar Fenis na a iya bambanta sabo da tsoho bai wajabta a bar gyara yana ihu a tsakiyar bango ba, kamar yadda wasu masu tsanantawa suka fahimta har suka riƙa dasa farin katako fes a cikin baƙi. Ya wadatar a buga shekarar gyara a bayan guntun, a rubuta abin da aka yi a ajiye, a kuma gaya wa mai gida da duk wanda zai saya daga hannunsa, domin mai bincike da mai saye su ne ke da haƙƙin sani, kuma su biyun suna da hanyar juya allo su duba bayansa.

Babban misalin da ya tara waɗannan fuskoki a tarihin Musulmi na kusa shi ne mumbarin Masallacin Al-Aƙsa. Sarki Nuruddin Zanki ne ya sa aka yi shi a Halab a wajajen 1168, tun Birnin Ƙudus yana hannun mayaƙan Salibiyya, sannan Salahuddin ya sa aka kai shi masallacin bayan ya karɓi birnin a 1187, ya zauna a nan kusan ƙarni takwas har ranar 21 ga Agusta 1969, lokacin da wani ɗan ƙasar Ostareliya ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone sai 'yan guntaye da aka adana a gidan tarihin harabar. An yi shi ne da dabarar sarƙa ƙananan guntayen katako cikin juna ba tare da dogaro da ƙusa ko gam ba, kowane ɗan allo yana zaune a cikin tsagin sandunan da suka kewaye shi yana da sararin motsi, wato matsalar kumbura da tsukewa ce aka warware ta wata hanya mai zurfin lissafi. Da aka tashi maimaita shi a garin Salt na ƙasar Jodan, hotunan da aka ɗauka kafin gobarar ba su wadatar ba, domin hoto yana nuna fuska ne kawai. Sai da aka sake gano lissafin da'ira da layi da ya haifi zanen taurarinsa, aka tattaro masu sana'a daga ƙasashen Musulmi dabam-dabam, kafin a haɗa guntaye fiye da 16,000 a kafa shi a masallacin a farkon 2007. Babu wanda ya ce wannan shi ne katakon da masassaƙan Halab suka taɓa, kuma ba a ƙona gefensa ko an dusashe shi don ya yi kama da mai shekaru 800 ba. Liman yana hawa yana huɗuba a kansa, wanda shi ne aikin da aka yi mumbari dominsa, guntayen na farko kuma suna nan a matsayin shaida, kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ba zai iya riƙewa ba.

Wahalar da aka sha wajen wannan aiki ta tona wani abu da muhawarar asali da kwafi takan manta da shi, wato cewa abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne iyawa. Ibn Haldun, wanda ya keɓe wa sana'ar kafinta fasali guda a Muƙaddima ya kuma nuna buƙatarta ga ilimin handasa, ya bayyana sana'a a matsayin malaka, wato halin da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki har ya zauna, kuma ya lura cewa sana'o'i suna raguwa su ɓace idan aka daina neman su. A Jafan akwai tsari guda da ya dace da wannan fahimta, inda ake sake gina wurin bautar Ise da sabon katako duk bayan shekaru 20, al'adar da ta faro tun ƙarshen ƙarni na 7, ta taɓa yankewa fiye da shekaru 100 a zamanin yaƙe-yaƙe, aka kuma yi karo na 62 a 2013. Tazarar tana ba wanda ya yi aikin yana yaro damar ya sake yin sa yana gwani, sannan ya kula da shi yana dattijo. Takardar Nara ta 1994 kan ingancin kayan tarihi ta karɓi irin wannan hange, ta yarda cewa ingancin abin tarihi ba a jikin kayan da aka yi shi da su kaɗai yake ba, yana cikin fasali da dabara da amfani da al'ada, kuma kowace al'umma a auna ta da ma'auninta. Adana iyawar ne ke ba aikin hannu fifiko a kan inji wajen maimaita jijiyar ado, ba wai don rawar hannu tana da wata albarka ba. Injin da ke juya wuƙa da sauri yana iya fitar da fasalin, ko da yake yakan bar ƙananan tabban da haske ke tonawa idan ya zo ta gefe, kuma da wuya ya kai siririn zurfin tsagin da filen ke yankawa. Amma wanda ya gagare makankarinsa ya yanka da hannu ya adana fasalin da kuma sanin yadda ake yin sa. Shi kuwa wanda ke sa inji ya yi ɗan karkace da gangan don a zaci aikin hannu ne, ya koma layin masu tawada, domin kafintan farko miƙewa yake nema, karkacewar ta zo masa ne ba da sonsa ba.

Haɗarin da ya rage ba ya cikin kwafi marar kyau, yana cikin kwafin da ya yi kyau kuma ya yi arha. A yau ana iya ɗaukar siffar allo da na'urar haske a shigar da ita kwamfuta, inji ya yanka bango guda cikin yini, kuma idan maye gurbi ya zama mai sauƙi haka, sai hujjar haƙuri da tsoho ta raunana, a cire abin da ɗan dashe zai ceta a jefar. Imam Malik ya hango irin wannan a wani al'amari da ya fi allo girma nesa ba kusa ba. Abdullahi ɗan Zubair ya sake gina Ka'aba bayan gobarar shekara ta 64 ta Hijira a kan harsashin Annabi Ibrahim, ya shigar da Hijir a ciki, Hajjaju kuma ya mayar da ita fasalin Ƙuraishawa bayan kimanin shekaru 10. Da wani halifan Abbasiyawa, wanda ruwaya mafi shahara ta ce Haruna Rashidi ne, ya so ya mayar da ita ginin ɗan Zubair, sai Malik ya roƙe shi ya bari, don kada ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe ya gina, kwarjininsa ya fita daga zukata. Bai ce fasalin ɗan Zubair kuskure ne ba. Ya ga dai cewa iya sakewa ba ya zama izinin sakewa.

A aikace wannan yana nufin a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a dasa sabon guntu na irin itacen, jijiyoyinsa suna bin na tsohon, sannan a yanka adon ya ratsa mahaɗar ba tare da tuntuɓe ba, aikin da sau da yawa ya fi sauya allon gaba ɗaya tsada da cin lokaci. Idan gidan mallakar mutum ne, abin da ke kan kafinta shi ne nasiha da faɗin gaskiyar abin da zai ɓata, hukunci kuwa na mai dukiya ne, ko da ya zaɓi abin da masu kishin tarihi ba za su so ba. Idan kuwa ƙofar masallaci ce ko allon makarantar da aka yi waƙafi, mai kula da wurin ba mai shi ba ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta tsananta a kan cewa ba a sayar da abin da aka yi hubusi ko da ya lalace, sai dai ta yi rangwame a kan irin dokin waƙafi da ya haukace, a sayar a sa kuɗinsa a wani makamancinsa. Allon da gara ta cinye cikinsa har ba ya riƙe kansa ya shiga hukuncin dokin; wanda gefensa kaɗai ya zaizaye, yana nan yana rufe bango yana ɓoye mahaɗarsa, bai shiga ba, kuma kasancewar wani shago a gari zai iya yanka tamkarsa kafin la'asar ba ya sauya wannan.